Jibiya: Garin Bakin Iyaka

  Yau hirar tamu za ta kai mu Jibiya, ba tare da kowa ta ɗaga ƙafa daga ɗakinta ba.

Uwargida, duba kayan ɗakinki. Wataƙila akwai atamfa ko dabino ko buhun shinkafa da maigida ya ce miki "na Maraɗi ne". To, akasarin irin waɗannan kaya ta Jibiya suke biyowa. Garin yana arewa maso yamma da birnin Katsina, a kan hanyar Maraɗi. Shingen iyakarmu yana Magama, in an ƙetare kuma sai Ɗan Isa, cikin Jamhuriyar Nijar.

Shin me ya sa mutanen can da na nan harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, har aure ake yi tsakani? Ga dalili. A 1807, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina. Tsofaffin sarakunan suka yi arewa da jama'arsu, daga baya Ɗankasawa ya kafa sarauta a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake kiran sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Kin ga ke nan, gida ɗaya ne ya rabu biyu. An daɗe ana kai wa juna hari, ƙasar Jibiya kuwa tana tsakiya. Sai Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, suka ja layi, aka kafa duwatsun iyaka. Wani ya wayi gari gonarsa tana wata ƙasa, ɗiyarsa tana aure a wata.

In Allah ya kai ki garin, abin da za ki fara jin labarinsa shi ne kasuwar Lahadi, wadda fatake daga ƙasashen biyu ke ci da hatsi da dabbobi. Sai madatsar ruwa da aka gina a kan kogin Gada zamanin mulkin Janar Babangida, domin noman rani da ruwan sha. Ruwan kogin nan ba ya neman izinin kowa. Ƙetarawa yake yi ya zama Gulbin Maraɗi.

Amma ruwa aboki ne, kuma abin tsoro. A 1945 ambaliya ta ci tsohon garin Maraɗi, dole aka koma kan tudu. A watan Yulin 2018 kuma, ruwan sama na dare ɗaya ya yi ambaliya a Jibiya, fiye da mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya, gidaje da dama suka rushe. Allah ya jiƙansu. Don haka, 'yar'uwa, kafin damina ta kankama ki tuna wa maigida a gyara magudanar gida, ki kuma hana yara zuba shara a kwata.

Iyakar ita ma takan taɓa tukunyarki. An rufe ta a watan Agustan 2019, kin dai tuna yadda shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Mata nawa ne suka kasa zuwa biki ko ta'aziyyar 'yan'uwansu na jini? Ga kuma 'yan bindiga da suka raba ƙauyuka da yawa na yankin da gidajensu, masifar da mu ma a nan ba baƙuwarmu ba ce.

Abin da nake roƙonki shi ne, da dare bayan tuwo, ki zaunar da yara ki gaya musu inda kakanninsu suka fito. In kina da dangi a ƙetare, ki kira su ko da a wayar maigida ce, ki faɗa wa yara sunayensu. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, amma in ƙafa ta kasa zuwa, murya za ta je.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.