JAWABI KAN RUBUTUN GEFE A ZAMANIN NA'URA: YADDA ZA MU TSARE TARIHIN HAƊEJIYA



Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san hashiya, wato ɗan rubutun da malami kan yi a gefen littafi, ya fassara kalma ko ya gyara kuskure, ba tare da ya taɓa matanin ba. Wannan al'ada ce muke kira da a farfaɗo da ita, amma da kayan aikin zamani.

Dalilinmu shi ne, kaso mai yawa na abin da aka rubuta a kan ƙasarmu baƙi ne suka rubuta shi. Labarin yaƙin watan Afrilun 1906, wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, Turawan da suka ci garin su ne suka fara sa shi a rahotanninsu. Irin waɗannan takardu na mulkin mallaka suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, amma dattawan da suka ji ɓangarenmu daga bakin kakanninsu kullum raguwa suke yi.

Haka lamarin kogi yake. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe magudanai irin su Marma da Burum Gana. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje. Taswirar injiniya tana nuna kogi, amma manomin Auyo da masuncin Guri su ne suka san inda ruwa ya saba ɓallewa, da sunan kowace fadama.

Aikin ba mai wuya ba ne. Da wayar hannu za a ɗauki hoton takarda a mayar da ita PDF. Manhajar Adobe Acrobat Reader tana ba da damar a ja layi a kan jimla, a liƙa mata bayani a gefe, matani kuwa yana nan yadda yake. A Google Docs, ɗan uwa a Legas da wani a Kaduna za su yi sharhi a kan takarda guda, kowa na ganin na kowa. A Google Earth kuwa, ana kafa alama a kan wuri, a rubuta sunansa da shekarar da ruwa ya ci shi.

Sai dai mu kiyaye sharuɗɗa uku. Na farko, kada a sauya ko harafi ɗaya na asalin takarda. Na biyu, mai sharhi ya sa sunansa, da kwanan wata, da wanda ya ji daga gare shi. Na uku, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana ɓata.

Saboda haka muna ba da shawara kowane reshe ya ɗauki ɗaya daga ƙananan hukumomi takwas na masarautarmu. Idan mun je gida hutun sallah, mu zauna da dattijo ɗaya, mu karanta masa takarda ɗaya, mu rubuta gyaransa a gefe.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya kare ƙasar Haɗejiya daga ambaliya. Wassalamu alaikum.