Jawabi: Na'urar da Ke Kwaikwayon Mutum



A shekarar 2017 ƙasar Saudiyya ta ba wani mutum-mutumi mai suna Sophia matsayin ɗan ƙasa. A 2024 kuma, a Hong Kong, 'yan damfara suka kira wani ma'aikacin kamfani ta bidiyo da fuskoki da muryoyin manyansa, waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira, har ya tura musu kimanin dala miliyan 25.

Wannan ya shafe mu, mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu. Da ɗan guntun wa'azin da aka naɗa a waya, ana iya sa muryar fasto ta roƙi kuɗi, ko ta zagi addinin maƙwabtanmu, alhali bai buɗe baki ba. Mun san irin wutar da hakan kan hura.

Saboda haka kada mu yaɗa saƙo, kada mu tura kuɗi, sai mun ji daga mutumin ido da ido, ko mun tuntuɓi dattawan ikkilisiya. Mu kuma faɗakar da maƙwabtanmu tun kafin fitina ta taso.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.