Giyar Bayan Cin Abinci: Ma'anarta da Ire-irenta



Na san wasu za su yi mamakin abin da ya kai ɗan makaranta magana kan giya. Dalilina shi ne da yawa daga cikinmu za su fita waje ƙaro ilmi, wasu kuma aiki zai kai su liyafar manya. A irin wannan zama, bayan an kwashe kwanuka, akan miƙo wa baƙo ɗan mitsitsin kofi da wani abu mai zaƙi da ƙamshi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ruwan 'ya'yan itace ne. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Faransawa suna kiran wannan abin sha liqueur, kalmar da asalinta Latin ne, mai ma'anar narkarwa. Akan samo barasa mai ƙarfi, wadda aka dafa aka tare tururinta, a jiƙa ganyaye ko saiwoyi ko 'ya'yan itace a ciki har ta kwashe ƙamshinsu, sannan a zuba sukari. Bisa dokar Tarayyar Turai, yawanci sai sukarin ya kai giram 100 a kowace lita, sinadarin maye kuma bai gaza kashi 15 cikin ɗari ba, kafin a ba ta wannan suna. Giyar kwalba da aka saba gani kuwa kashi 5 ne ko kusa da haka.

Ire-irenta suna da yawa, amma zan taƙaita kan huɗu. Na farko, ta ganyaye. Fitacciya a nan ita ce Chartreuse, wadda wasu Kiristoci masu zuhudu a Faransa suke haɗawa daga tsirrai 130, bisa wani rubutun magani da aka ba su a 1605. Koriyarta kashi 55 ce, wato ta fi yawancin wuski ƙarfi. Na biyu, ta 'ya'yan itace, kamar Cointreau da ake yi da ɓawon lemo, mai kashi 40. Na uku, ta gahawa, kamar Kahlúa da aka soma yi a Meziko a 1936. Na huɗu, ta madara, kamar Baileys ta ƙasar Ayalan, wadda ta fito a 1974, mai kashi 17. A wannan rukuni ne ake samun Amarula ta Afirka ta Kudu, wadda ake yi da 'ya'yan danya, wato nunu ɗin nan da muke tsinta a daji muna yara.

To, me ya sa ake shan ta bayan abinci? Da yake da yawa daga cikin waɗannan giyoyi a matsayin magani suka faro, Turawa sun daɗe da imani cewa suna taimaka wa ciki narkar da abinci. Bincike bai gaskata wannan ba. A 2010 wasu likitoci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan sun ciyar da mutum 20 narkakken cuku, suka ba wasu giya, wasu baƙin shayi. Sai aka tarar abincin ya fi jimawa a cikin waɗanda suka sha giya.

Saboda haka, 'yan'uwa, hatsarin wannan giya yana cikin zaƙinta. Ɗacin wuski yana gargaɗin harshe, amma sukari yana rufe wannan gargaɗi, sai mutum ya yi ta ƙari har kansa ya juya. Haka kuma akan ɗura ta cikin cakulan, a zuba ta a kek ko a gahawa. Ga Musulmi hukuncin a fili yake, zaƙi ba ya halatta abin maye. Ga wanda addininsa bai hana ba, ya tuna hanta ba ruwanta da zaƙi, musamman idan zai tuƙa mota.

Shawarata ita ce, duk kwalba ko kwalin alewar da ya zo hannunku, ku karanta abin da aka rubuta a jikinsa. In ba rubutu, ku tambayi mai gida ba tare da jin kunya ba, domin matambayi ba ya ɓata.