Saƙar Ulu a Ƙasar Zafi

Yau zancenmu a kan saƙar hannu yake, musamman gare ku matan Agiye da Gazawa da Gidan Runji.

Wani zai ce, mi za a yi da rigar ulu a ƙasar Maraɗi? Gaskiya ne, a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yake busawa, da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jariri ba ya jure sanyi kamar babba. Hula da safa da ƴar riga suna riƙe masa ɗumin jiki.

Kayan aikin ba su da yawa: zare, da kwarashi ko allurar saƙa biyu. Ku fara da hula, ita ce mai sauƙi. Ku soma tun damina, kada ɗari ya iske ku hannu sake. Mayafin zafi kuwa, a saƙa shi da zaren auduga, sako-sako, don iska ta ratsa.

Ku yi hattara! Yawancin ulun kasuwa na roba ne. In wuta ta taɓa shi, narkewa yake, ya manne wa fata. Kada yaro ya sa shi ya matsa kusa da murhu.

Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta kuɗin zare da kuɗin sayarwa a littafi. Nan za ku ga ribarku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.