Kada ku rabu da tsohon faifai sai sabon ya tashi

Gaisuwa ga 'yan kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangui, da masu jigila a hanyar Beloko zuwa Garwa-Bulai, da makiyayan da ke jin mu a ruga.

Zancenmu na yau wani ɗan kasuwa ne ya jawo shi. Bawan Allahn nan yana saro kaya daga Duwala, yana kuma dillancin shanu. Duk lissafinsa, wa ya ci bashi, wa ya biya, har da hotunan takardun duwan, yana cikin wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo. Da ta fara nauyi, sai aka ba shi shawara ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, ya sa sabon da ake kira SSD, wanda ya fi sauri kuma ya fi jure girgizar mota. Shawara ce mai kyau. To amma da aka sa aka kunna, sai ga baƙin allo da ɗan rubutun Turanci. Wani mai gyara ya ce masa ai ta mutu, ya bar ta tare da tsohon faifan a ba shi ɗan wani abu. Saura ƙiris ya yarda.

In haka ta same ku, kada ku yi garaje. Ku duba abu uku.

Na farko, shin kwamfutar ta ga sabon faifan ma kuwa? Da kun kunna, ku riƙa danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, F1 in ThinkPad ce. Zai kai ku shafin saiti da ake kira BIOS. In sunan faifan bai fito a nan ba, galibi bai zauna daidai ba ne. Yawancin SSD kaurinsu milimita 7 ne, alhali tsofaffin faifai da yawa 9.5 ne, don haka sabon kan yi sako-sako a gurbinsa. A kashe, a zare caja da batir, a sake zaunar da shi, a ɗaure.

Na biyu, sabuwar ƙwarya ba ta zuwa da nono. Faifan da kuka sayo wayam yake, ba Windows a ciki. Dole a kwafo komai daga tsohon, ko a ɗora sabon Windows daga filash mai aƙalla giga 8. Ku cika batir kafin a fara, kun dai san halin wutarmu. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai an koma farko.

Na uku, an ɗora Windows amma ta ƙi tashi. A nan yawanci saɓanin tsari ne. Kwamfutocin da suka girmi shekarar 2012, lokacin da Windows 8 ya fito, da yawansu tsohon tsarin tashi suke bi, kuma faifan da aka tsara da MBR suke ganewa. Na baya-bayan nan UEFI suke bi, su kuma GPT suke so. In mai gyara ya shirya faifan a sabuwar na'urarsa ya kawo wa tsohuwarku, ba za su jitu ba. Ku tambaye shi kai tsaye: "Malam, MBR ka yi ko GPT?" Ku kuma tabbata an sa sabon faifan a sahun farko cikin jerin abubuwan da kwamfutar ke tashi da su. In kuwa kwanan watan da ke BIOS kullum yana komawa shekarun baya, ƙaramin batirin ciki ne ya mutu, shi ya sa take manta saiti. Canza shi ba tsada.

Shi mutumin namu, na biyun ne ya same shi. An sa masa faifan da ba komai a ciki. Da aka mayar da tsohon, nan take ta tashi, lissafinsa na nan yadda ya bari.

Ga abin da nake so ku riƙe. Wannan tsohon faifan shi ne littafin bashinku. Kada ku bari a goge shi, kada ku sayar, kada ku bar shi ya kwana a shagon kowa, domin sunayen abokan hulɗarku da sirrin cinikinku na ciki. Ku sayi ɗan akwatin da ake saka faifai a jona shi ta USB, ku kwashe takardunku, ku buɗe su ɗaya bayan ɗaya ku ga suna nan. Ko bayan haka ma, ku ajiye shi a gida inda ruwa da ƙura ba sa kaiwa. Hausawa sun hana sakin reshe a kama ganye.

Wanda ke da tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare hanya, Ya albarkaci garke. A huta lafiya.