Man Fetur Daga Kwal, da Tambayar Ruwa



Tun a shekarar 1925 masana biyu na Jamus, Fischer da Tropsch, suka fito da hikimar mayar da kwal ya zama mai, amma ƙasar da ta riƙi wannan ilmi hannu bibbiyu ita ce Afirka ta Kudu, wadda Allah Ya hore wa kwal mai yawa, Ya kuwa hana ta rijiyoyin mai. A 1950 ta kafa kamfanin Sasol, sa'an nan da takunkumin zamanin wariyar launin fata ya tsananta, aka gina babbar masana'antar Secunda.

To, abin lura ga mai basira shi ne ruwa, domin kwal ba ya zama iskar da ake sarrafawa ta zama mai sai an haɗa shi da tururi, ruwan kuwa daga kogin Vaal yake fitowa, wanda mutanen Johannesburg ke sha, wanda shi kansa sai an agaza masa daga duwatsun Lesotho. Ga kuma hayaƙi, wanda duniya ta fara ɗora wa haraji.

Saboda haka, a ganina, ribar gobe tana ga sinadarai masu daraja, irin su kakin masana'antu da mahaɗan sabulu, fiye da man mota, wanda farashinsa ke bin na ɗanyen mai duk inda ya nufa. Mu ma muna da rabonmu a wannan fasaha, gama da ita masana'antar Escravos ta jihar Delta ke mayar da iskar gas man dizal tun 2014.