BA KOWACE SHAWARA CE TA JIƘO BA

Yau maganar lafiya na zo da ita, kuma ina roƙon duk wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.

Kowace mace a nan ta taɓa gyaran kaza. Kun san 'yar jakar nan kore-kore da ke manne da hanta, wadda muke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu su ce maɗaciya. To mu ma muna da ita, a ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Hanta ce take haɗa wannan ruwa mai ɗaci, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana, matsarmama kuma ma'ajiya ce kawai. In kin ci abu mai maiƙo sai ta matse, ruwan ya bi ta wani siririn bututu ya zuba cikin hanji, ya taimaka wajen narkar da man. Faɗin bututun nan a lafiyayyen mutum bai cika wuce milimita 6 ba. Ku duba ƙanƙantarsa.

Wani lokaci ruwan yakan daskare a cikin jakar ya zama tsakuwa, wata kamar ƙwayar gero, wata kamar gyaɗa, wata ta fi haka. Da yawa suna yawo da ita shekara da shekaru ba su sani ba, kuma ba ta dame su ba. Fitinar tana tashi ne ranar da tsakuwa ta fito daga jakar ta gangara cikin bututu ta maƙale. Kamar dai kwatar gida ce leda ta toshe ta: ruwa ba zai daina zuwa ba, komawa baya zai yi. Ɗacin ya taru a hanta, ya shiga jini, ido ya yi rawaya.

Abin da ya sa na kawo maganar zauren mata shi ne, tsakuwar nan ta fi kama mu fiye da maza. Ciki da haihuwa suna ƙara haɗarinta, haka ƙiba, haka shekaru in an doshi 40, haka ciwon suga. Rama ta gaggawa ma tana kawo ta, don haka masu son zubar da teɓa cikin sati biyu saboda biki, a bi a hankali. Sai kuma 'ya'yanmu masu sikila. Su jininsu yana saurin farfashewa, abin da ke fita daga jinin kuma shi ke taruwa ya zama baƙar tsakuwa, har yaro ɗan makaranta kan same ta. Uwar mai sikila ta saba ganin idon ɗanta da ɗan rawaya, shi ya sa ranar da abin ya canza sai a ɗauka irin na kullum ne.

Yanzu ga alamomin, ku riƙe su da kyau. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama ko ƙahon zuci, yakan harba zuwa baya ko kafaɗar dama, sau da yawa bayan an ci soye-soye ko nama mai kitse, irin na Babbar Sallah. Tashin zuciya da amai. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida kuma ya koɗe ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, domin ɗacin da ke ba shi launi bai iso hanji ba. Ga ƙaiƙayin jiki ba ƙurji ba komai, mai hana barci.

A nan ne muke yin asara, 'yan uwa. Ciwon saman ciki duk sunansa olsa a wurinmu. A je kemis a sayo farin ruwan nan a yi ta kurɓa. Zazzaɓi ya zo, a ce taifod da maleriya. Ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a hana ta mai da gishiri, a kawo jiƙo da saiwoyi, a ce ai shawara ba ta son allura. Wannan magana ta ƙarshe ba gaskiya ba ce, kuma tana hana mutane zuwa asibiti. Rawayar ido alama ce, abubuwa da yawa ke kawo ta: ciwon hanta na B ko C, maleriya mai tsanani, sikila, toshewar bututu, har da ciwon daji. Ido ba ya bambance su, ko na likita, sai an yi gwaji. In kuwa tsakuwa ce ta toshe hanya, babu jiƙon da zai shiga ya ɗauke ta, wani ma ƙara wa hantar wahala zai yi alhali tana cikin matsi.

Akwai wani haɗi da ke yawo a waya, wai a sha man zaitun kofi guda da lemun tsami, da safe a ga tsakuwoyi kore a bayan gida. Man zaitun abinci ne mai albarka, ba na musu. Amma waɗancan dunƙule-dunƙulen an gwada su, man ne da kansa ya haɗu da ruwan ciki ya cure. Tsakuwar tana nan inda take, kuma mai da yawa haka na iya tayar da ciwon.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne ƙwayoyin cuta su shiga ruwan da ya tsaya. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ya bayyana alamominsa uku tun 1877, har yau da su ake koyar da likitoci: ciwon ciki ta dama, rawayar ido, da zazzaɓi mai karkarwa. In ukun nan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya. A kira shi a waya ana hanya. In kuma ta fara ruɗewa, tana sambatu, jiki ya yi sanyi, to cutar ta shiga jini, kowace awa tana da muhimmanci. Tsakuwar na iya toshe har da hanyar fankiriyas, sashen nan da ke samar da insulin, ya kumbura, shi ma yana kisa.

A asibiti abu biyu za a fara yi: gwajin jini na aikin hanta, da sikanin na ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba ya ciwo, ba ya cutar da mai ciki. In ba na gaggawa ba ne, za a ce kada ki ci komai awa 6 zuwa 8 kafin a yi, don jakar ta cika ta fito sosai. Sikanin yana ganin tsakuwar cikin jaka da kyau, amma ta cikin bututu takan ɓuya bayan iskar hanji. Saboda haka in likita ya ce bututu ya buɗe fiye da ƙima, a je a yi wani hoton da ake kira MRCP, kada a ce neman kuɗi yake.

Magani kuwa, in akwai zazzaɓi za a kwantar da ita, a sa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan a buɗe hanya. Akwai aikin da ake kira ERCP: a sa mutum barci, a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki har bakin bututun, a ɗan faɗaɗa shi a jawo tsakuwar, ko a sa 'yar roba ruwa ya samu wucewa. Tun 1974 aka fara cire tsakuwa ta wannan hanya a Jamus da Japan. Yana da nasa haɗarin, musamman kumburin fankiriyas, likita zai yi bayani kafin a sa hannu. Gaskiyar magana ba kowane asibiti ke da na'urar da ƙwararrunta ba. Inda babu, likitan tiyata yana buɗewa ya cire, wani lokaci ya bar roba a gefen ciki na wasu makonni. Abin da za ku nema tun da wuri shi ne takardar turawa zuwa babban asibiti, irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri, wanda ya fi kusa.

Bayan an buɗe hanya galibi za a ce a cire matsarmamar gaba ɗaya, tunda ita ce gidan tsakuwar, in an bar ta wata za ta sake gangarowa. Nan ne dangi ke tsorata, a ce yaya mutum zai rayu an cire masa wani abu. Tun 1882 ake wannan aiki, yanzu ma wasu wuraren ta 'yan ƙananan huji ake yi. Hanta za ta ci gaba da aikinta, ruwan ya riƙa zuba hanji kai tsaye. Mace tana haihuwa bayan haka, tana azuminta, tana kasuwancinta. Wasu kan yi ɗan saki na ciki da farko in sun ci maiƙo, yakan lafa.

Shugabannin mazaɓu, ga roƙona. A taronku na gaba ku karanta wannan, ku tambayi wa ke da rajistar inshorar lafiya ta jiha, wadda ba ta da ita a nuna mata inda ake yi tun tana lafiya. Masu adashi, ku duba yiwuwar ware wani abu na gaggawa, ko kuɗin mota da na sikanin ne. Duk wadda aka riga aka gaya mata tana da tsakuwa, ta adana takardar sikanin ɗinta inda 'yan gida suka sani, a tafi da ita asibiti ranar da ake buƙata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.